Hular Iya Lantana ta Ƙarshe

Ku matso, yau akwai shari'ar da za ku yanke min.

A Gumel an yi wata tsohuwa mai ɗinkin hula, Iya Lantana. Tana da wani zanen hula da ta gada wurin kakarta, duk garin babu mai iya shi sai ita. Da idonta ya fara dushewa, hankalinta ya tashi, don jikokinta duk suna nesa, zanen zai bi ta kabari ke nan. Ta tara 'ya'yanta uku, dukkansu sana'arsu gina shafukan intanet. Ta ce, "Kullum kuna danne-danne. To ku yi min wurin da jikata za ta taɓa hula ta ga yadda allura ke tafiya, tun ina gani."

Nan gardama ta kaure, kowa na yabon kayan aikinsa.

Tasi'u, babbansu, mai son sabon yayi ne. Ya ɗauko manyan kayan da ke sa shafi ya motsa nan take. Ka ɗora yatsa, allura ta bi shi, zare na shiga yana fita. Wallahi abin gwanin sha'awa! Sai dai bawan Allah a wayarsa ta Abuja ya gwada. Da aka buɗe a wayar Iya, sai juyi take yi kamar dutsen niƙa, shafi ya ƙi fitowa.

Murjanatu ta yi masa dariya son ranta. Ta kwashe nauyin ta mayar wa babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, waya ta riƙa karɓar kaɗan-kaɗan. Ko sabis ya yi rauni, shafi ya buɗe, allurar yayanta na tafiya.

Iya ta kai wayar dab da hanci, ta ce, "Ni fa hazo kawai nake gani."

Lurwanu, autan da suke tsokana wai ɗan gargajiya ne, ya karɓi aikin. Da tsohon salo mara kwalliya ya gyara shafin yadda waya za ta karanta shi a bayyane, ya sa wani ƙaton maɓalli guda na naɗar murya. Iya ta lalubo shi, ta danna, ta yi ta bayanin kowane ɗinki da bakinta, har da faɗan, "Ke, kar ki ja zaren da ƙarfi!"

Kafin damina idon ya rufe. Bayan Sallah sai ga saƙo daga jikarta Hauwa'u a Agadas: hular da ta ɗinka da zanen da ta koya a shafin. Iya ta shafa hular da yatsu, ta sake shafawa, hawaye na zuba. Ta ce, "Wannan hannun kakata ne."

Hula ɗaya ta rage cikin waɗanda ta ɗinka da idonta, kawuna kuwa uku ne, kuma duk tana son su. To, ku gaya min, kan wa za ta ɗora ta?