Akwatin Wifi Mai Ƙaho Huɗu

Akwai wani malamin makaranta a Tasawa mai suna Halilu, wanda kowa ke kira Mushe Halilu, kamar yadda ake kiran malaman boko a can. Mutumin kirki ne, amma yana da wani ciwo: ba ya sayen abu sai ya auna shi, ya sake aunawa, ya tabbatar babu wanda ya fi shi a garin. Ko tocila zai saya, sai mai shago ya yi hamma.

Mahaifiyarsa, Inna Habsatu, tana zaune a wani ƙauye gaba da Gidan Amumune tare da ƙanwarsa Rabi'atu. Autar Inna, Lailatu, kuwa ta bi mijinta Aljeriya, an yi shekaru ba a ga juna ba. A can ta haifi ɗiya, aka sa mata sunan Inna, ana kiranta Hanan.

Rezo, wato sabis ɗin waya, a ƙauyen sai an hau tudu, ita kuma Inna gwiwa ta hana ta ko zuwa rijiya. Ga ido ya fara yi mata hazo. Likita a Mayahi ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa abin da ya rage.

Halilu ya kai mata hoton jaririyar a wayarsa. Ta kanga shi dab da hancinta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta mayar masa.

"Hoto ba shi amsa gaisuwa, ɗana," in ji ta. "So nike in ga Lailatu tana magana, in ga takwarata tana motsi, tun idon ga da saura."

Ya yi mata alkawari. Ya ce akwai akwatin wifi da ake sa wa sim, a ɗaure shi a kan dogon ice, ya jawo rezo daga sama ya zubo shi har cikin ɗaki.

Da ya koma Tasawa, wani mai shago ya nuna masa wani ƙarami mai rahusa, bai fi sabulun wanka girma ba. Suka gwada kiran bidiyo a nan take. Hoto na zuwa, sai dai yakan tsaya ya yi dishi-dishi kafin ya ci gaba. Halilu ya taɓe baki ya ajiye.

Daga ranar fadarsu, inda yake zaman hira da abokansa, ta koma wurin awon gudun wifi. Kowane abokinsa ya zo da nasa akwatin, a sa wannan sim, a cire a sa wancan, a ga wa ya fi sauri. Shayi na tafasa, Halilu na yanke hukunci. Na wane kunkuru ne, na wane kuma cin mega, wato data, gare shi kamar gara. Gaskiyar da bai faɗa ba ita ce, ba ya so a ce Mushe guda ya kai wa uwarsa abin da ɗan kabu-kabu ke sawa a aljihu.

Ranar kasuwa Rabi'atu ta hau tudu ta kira shi.

"Yaya, mi ya tsaida ka? Inna kullum sai ta tambaya."

"Haƙuri za ku yi. Na yi odar babba daga Maraɗi, mai ƙaho biyu. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi."

"Yaya, da babu gwamma ba daɗi. Jiya hwa ta zuba gishiri cikin kunu."

Ya yi dariya, ya ce tsufa ne.

Mai ƙaho biyu, wato mai eriya biyu, ya iso. Kafin ya kai shi, wani ya ce masa a Kano akwai mai ƙaho huɗu, wanda ke kama rezo ko a ƙasan rijiya, kuma tsadarsa ba ta fi wannan da yawa ba. Ku da kuka san halin Mushe, kun san abin da ya biyo baya. Ya mayar da na hannunsa ya zauna jira.

Aka yi shuka, aka yi noma, gero ya fid da kai. Ya je gida sau ɗaya a tsakani. Inna ta riƙe hannunsa ta ce, "Ka kawo ko wane iri. Idon nawa ma ai dishi-dishi shike gani." Ya ce saura kaɗan.

Sai bayan girbi akwatin ya zo. Halilu ya ɗaure shi a bayan babur tare da farantin hasken rana, zuciyarsa fari tas. Samari suka kafa dogon ice kusa da rumbu, aka ɗaura, fitilun akwatin suka kama gaba ɗaya. Maƙwabta suka cika tsakar gida.

Abin da bai lura da shi ba shi ne, Rabi'atu ce ta riƙo hannun Inna daga ɗaki har tabarma.

Ya kira Aljeriya. Hoto ya fito fes, ko tsayawa ba ya yi, har zanen lallen hannun Lailatu ana gani. Ga Hanan a cinyarta, ta yi ɓul-ɓul, tana miƙo hannu tana dariya.

"Inna! Inna, ga mu! Kin gan mu?"

Halilu ya sa wayar a hannun tsohuwa. Ta juya fuskarta wajen da muryar ke fitowa, idanunta a buɗe suna kallon sama da wayar. Ta sa yatsa tana shafa gilashin a hankali.

"Ina jin ku, auta," ta ce. "Muryarki ta hito sarai."

Rabi'atu ta rufe baki da gyale. Sai a lokacin Halilu ya gane idon ya riga ya tafi, ya durƙusa a gefen tabarma.

Inna ta laluba ta kamo rigarsa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Halilu, da wa ta yi kama?"

Ya ce, "Da ke, Inna. Har wushiryar."

Ta yi murmushi, hawaye na bin kumatunta.

"To, ka dube ta da kyau, ɗana. Ka gano mini ita."

Akwatin yana nan a kan icen har yau, duk ƙauyen da shi ake kira. Halilu kuwa bai ƙara zama fadar awon gudu ba, kuma ba ya iya ɗaga kai ya kalli fitilun nan.

Darasi: Alherin da za ka iya yi yau da ɗan abin da ke hannunka, kada ka ajiye shi sai ka samu wanda ya fi na kowa. Kaya na jira a shago, amma idon iyaye da kwanakinsu ba sa jiran kowa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai alkawarin da har yanzu yake cewa saura kaɗan.