Rumbun Da Aka Fasa Da Rana Tsaka

Akwai wani manomi mai rumbu wanda babu irinsa a ƙauyensu. A ciki yake ajiye dawar da iyalinsa za su ci, can sama kuma zangarniyar da ya ware don iri. Wata damina, ɗaya daga cikin duwatsun da rumbun ke zaune a kai ya goce. Maimakon ya nemo wani dutse, sai ya cusa guntun kututture a gurbin, ya ce na kwana biyu ne. Gara kuwa ta samu tsani.

Duk lokacin da ya ga hanyar gara a jikin rumbun, sai ya kwaɓa laka ya shafe, har da zane. Masu wucewa suna yabawa, shi kuma kansa yana ƙara girma.

Ran nan Kawu Gambo, ƙanin mahaifiyarsa, ya zo gaisuwa. Ya ƙwanƙwasa rumbun, ya kasa kunne, ya ce, "Ɗana, ana cin rumbun nan daga ciki. Ka fasa gindinsa tun irinka na da sauran rai."

Manomin ya ce, "Haba Kawu, a idon jama'a? Jiya-jiyan nan na yi masa yaɓe."

Tsohon ya ce, "Na ga yaɓen. Gara ma ta gani, bai hana ta ci ba."

Manomin ya ji haushi, ya daina gaishe shi. Tsohon bai fasa zuwa ba, maganarsa kuma ɗaya ce kullum.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, matar manomin ta ɗebo dawar tuwo, ta ajiye ƙwaryar a gabansa. Rabinta ƙasa ce. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi 'ya'yansa, hawaye ya zubo masa. Ya tashi ya ɗauki gatari da rana tsaka, kowa na kallo, ya sari gindin rumbun da yake taƙama da shi. Ƙasa da gara suka zubo. Amma da ya hau ya leƙa sama, ga zangarniyar iri lafiya lau, saura taki ɗaya gara ta kai gare ta.

Matarsa ta rangaɗa guɗa. Maƙwabtan da yake tsoron dariyarsu suka zo da duwatsu da toka ta korar gara, kowa da ɗan hatsinsa a ƙwarya. Kawu Gambo da kansa ya jawo kututturen ya jefa a wuta. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, da kaka kuwa sabon rumbu ya cika har sai da aka gina na biyu.

Ma'anar wannan misali ita ce: rumbun shi ne zuciyarka, kututturen kuma zunubin nan da ka ce na kwana biyu ne. Yaɓen shi ne kayan Lahadi da babbar murya wajen waƙa. Kawu Gambo kamar annabin nan ne da Ubangiji ya aiko wa mutanen Yahuza sa'ad da fara ta cinye ƙasarsu. Ya gaya musu Allah ba ya bukatar yagaggun tufafi na nuna baƙin ciki, zuciya yake so a buɗe masa, zai kuwa mayar musu da abin da fara ta ci.

'Yan'uwa, ni kam murna nake yi da wannan kira, gama ba a ƙwanƙwasa rumbun da aka fid da rai da shi. Yesu Almasihu ya riga ya ɗauki kunyarmu a kan gicciye, da rana tsaka, kowa na kallo, ya kuma tashi da nasara. To, kunyar wa ta rage maka? Irinka na da sauran rai, hadari ya haɗu. Ajiye lakar nan, ka ɗauki gatari.