Zanen Masu Cin Tuwo

Ku gyara zama, don hukuncin wannan labari a bakinku yake.

Mutanen Gangare da na Tudun Kanya sun daɗe suna rigima a kan wata fadama. Ran nan wani ɗan Tudun Kanya ya sari ɗan Gangare a gona, sai dangin wanda aka sara suka kama Malam Bagudu na Tudun Kanya, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, suka ɗaure shi a gindin marke. Jatau, mai garin Gangare, ya ce, "Rana na faɗuwa, ba ni iya tare samarina. Sai fa in kun nuna mini ubana ya taɓa sa hannu a akushi ɗaya da ubansa."

Bagudu yana da 'ya'ya uku. Babbansu Cindo ya tuna wani baƙo mai zane da ya taɓa sauka gidan kakansu, ya zana hoton masu cin tuwo a ƙofar gida. Zanen yana wurin gwaggonsu a hayi, ga kogi ya kawo. Cindo ya faɗa ruwa, ya komo da shi a naɗe bisa kai, ƙafarsa na zubar jini.

Da aka warware, hayaƙin shekaru ya rufe shi baƙi ƙirin. In an goga da ƙarfi fenti ya ɓare. Ƙanwarsa Barmani ta zauna da auduga da gashin kaza, tana sharewa a hankali har la'asar.

Jatau ya kai zanen kusa da ido. Ba fuska, ba hanci, sai ɗige-ɗigen ja da shuɗi da rawaya. Ya ce, "Ni za ku yi wa wasa?" Samari suka zare adduna. Sai ƙaraminsu Ilu ya fizge zanen, ya ja da baya yana ratsa masu makamai, tsinin mashi na taɓa gadon bayansa. Da ya yi nisa ya ɗaga shi ya ce, "Ranka ya daɗe, duba daga nan."

Launuka suka haɗu. Ga tsofaffi biyu a tabarma, akushi a tsakani, ɗaya na tura wa ɗaya tsokar nama. Jatau ya daɗe yana kallo, ya ce, "Baba ne. Haka yake karkata kafaɗa in yana ci. Ku kwance shi."

Bagudu ya ce zane ba ya rabuwa uku, ɗaya daga cikin 'ya'yansa zai ba. To, wa ya fi cancanta: wanda ya ɗauko, wadda ta share, ko wanda ya san inda ake tsayawa a gani?