Direban Da Ya Ɓata Askar Mahaifinsa

Akwai wani direban babbar mota da abokan aikinsa ke kira Dogo. Shekara goma sha biyar yana kan hanya, bai taɓa yin sati guda cur a gida ba. Sai ga shi rana ɗaya mahaifinsa, tsohon mai aski, ya faɗi a bakin shagonsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke.

Yayar Dogo tana aure a nesa, ga ƙananan yara. Don haka shi ya ajiye mota ya tare a ɗakin tsohon. Ɗaki ne mai taga ɗaya, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Gado, bokiti, kwalaben magani, sai tabarmar da Dogo yake kwana a kai. Ba ya iya fita fiye da awa guda, shi ma sai in maƙwabcinsu tela ya zo ya zauna da tsohon.

Cikin wata huɗu gemun Baba ya cika fuska, ya cukurkuɗe. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gyara fuskokin mutane, yanzu in an zo dubiya sai ya juya fuskarsa bango. Abincin ma ya rage ci. Dogo ya kawo injin aski, Baba ya ture da hannun hagu. Ya kawo reza, ya runtse ido. Sai nuna ƙarƙashin gado yake yi.

A can Dogo ya samo askarsa, naɗe cikin tsumma. Ta dakushe, dutsen washinta kuma ya ɓata tun lokacin da aka kwashe kayan shago.

Washegari ya ruga wani shagon kayan ƙarfe. Mai shagon dattijuwa ce, ta karɓi askar ta juya ta a haske.

"Ka taɓa wasa aska, ɗana?"

"Mama, ki dai ba ni dutsen da zai ci ta da sauri."

Ta jera masa duwatsu uku. "Wannan mai kaushin na wuƙar da ta yi giɓi ne, taka ba ta yi ba. Na tsakiyan shi ke fitar da kaifi, mai santsin ya goge shi. Ɗauki biyun nan da fatar goge aska. Ɗan koyo ba ruwansa da mai kaushi."

Dogo ya dubi agogo. "Da hannun nan nake kwance injin mota. Ɗan ƙarfen nan ne zai gagare ni?"

Ya ɗauki mai kaushin ya fice.

A gida ya danna askar a kan dutse da dukkan ƙarfinsa, kamar mai wasa adda. Cikin minti goma bakinta ya yi ƙyalli. Ya shafa wa Baba sabulu, ya ja sau ɗaya, sai jini ya ɓullo cikin kumfa.

Baba bai ko motsa ba. Hannu ya miƙa, Dogo ya ba shi askar. Ya kawo ta kusa da idonsa, ya ga bakin ya zama kamar na zarto. Bai yi hawaye don yankan ba. Ganin askar ne ya sa shi kuka, mara sauti, bakinsa a karkace.

Dogo ya fita ya tsaya a bakin ƙofa. Ransa ya raya masa ya kira mai motarsa ya ce gobe zai dawo aiki. Sai ya ji tarin tsohon daga ciki. Ya koma ya goge masa fuska.

Da tela ya zo washegari, ya koma shagon, kansa a ƙasa.

"Mama, na ɓata ta."

Ta karɓi askar. Ta duba ta ce, "Za ta gyaru, amma ba yau ba. Ka jiƙa dutsen da ruwa. Ka kwantar da ita gaba ɗaya, bayanta da bakinta duk su taɓa dutse. Kada ka danna, nauyinta ya isa. Yadda ka yi wa wannan gefen, haka za ka yi wa wancan." Ta ba shi duwatsun biyu da fatar, ta ƙara masa da wata tsohuwar aska. "Fara koyo da wannan tukuna."

Kwana tara Dogo yana zaune a ƙasa kusa da gado, dutse a gabansa, ƙafafunsa na tsami. A rana ta biyu ya ji an ƙwanƙwasa katakon gado. Ya ɗago, ya ga Baba yana girgiza kai. Ya sassauta hannu, ƙwanƙwasar ta tsaya. Ashe da kunne tsohon ke bin aikin. Daga nan suka sami hanyar magana: bugu ɗaya, ka danna da yawa, biyu, juya ta.

A rana ta tara, bayan ya goge askar Baba a kan fata, ya gwada ta a gashin hannunsa. Gashin ya zube ba tare da ya ji komai ba.

A hankali ya fara yi wa Baba askin. Ya ɗauki kusan awa guda, babu ɗigon jini. Baba ya shafa haɓarsa, ya shafa kumatu, ya daɗe yana shafawa.

Sai ya kamo haɓar Dogo da hannun hagu, ya juya ta dama da hagu yadda yake yi wa masu zuwa shagonsa. Ya yi tsaki mai ƙarfi.

"Ni ma na yi muni ke nan, Baba?"

Bugu ɗaya a jikin gado, Baba ya gyaɗa kai.

Dogo ya yi dariya, ta farko tun da ya shigo ɗakin. Ya jingina madubi da bokiti, ya jawo sabulu, ya zauna inda tsohon zai iya ganin hannunsa.

Darasi: Ƙwarewarka a wani aiki ba ta mayar da kai gwani a wani. In kai sabon shiga ne, saurari wanda ya riga ka sani, ka zaɓi abin da ya dace da matakinka, domin gaggawar minti goma tana iya ɓata abin da wani ya tattala shekara arba'in. Ku tura wa ’yan uwa da abokai, musamman masu jinyar iyayensu.