Zanzaron Gonar Malam Sambo

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, ku za ku yanke.

A Rafin Ɗinya, Malam Sambo ya rasu ya bar wa 'ya'yansa uku gonar mangwaro: Barau babba, sai Rakiya, sai Ilu. Barau ke riƙe da gonar. Shekara uku a jere wani ɗan ƙuda yana huda mangwaron yana zuba ƙwai. Ka tsinko shi jawur, ka yanka, sai tsutsa. Barau ya yi ta feshi har fatar hannunsa ta saɓule, a banza.

Rakiya ilimin ƙwari ta karanta a jami'a. Ta dawo gida ta tara ruɓaɓɓen mangwaro a robobi, ta rufe da gidan sauro, ta yi wata huɗu tsugune cikin wari. Rannan ta nuna wa Barau wani ɗan zanzaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta ce, "Yaya, wannan a cikin tsutsar yake saka ƙwansa, ɗansa ya cinye ta. Feshinka ne ke kashe shi."

Ganewa daban, kiwo daban. Ilu tela ne. Ya rufe shagonsa, ya ɗinka akwatunan raga, yana ba zanzaron zuma da tsinke. Sau biyu zafin bazara yana hallaka su, a karo na biyu guda goma sha ɗaya suka saura, ya sake daga nan. Kafin su kai dubbai, idonsa ya daina ganin kafar allura.

Barau kuwa ya jingine feshi, aka saki zanzaro a gonar. Shekara biyu yana kallon amfaninsa na zuba ƙasa. Ya sayar da shanun nomansa don gida ya ci tuwo. In ya wuce majalisa sai ya ji ana cewa, "Ga mai kiwon ƙuda." Ya haɗiye.

A shekara ta uku mangwaro ya nuna lafiya lau. Zanzaron ya bazu har gonakin maƙwabta, masu dariyar suka cika motoci da mangwaro.

Sai ga takarda daga wata cibiyar bincike: za a ba da lambar girma kan aikin zanzaron, amma suna ɗaya ake so. Barau ya tara ƙannensa, ransa na gaya masa za su ce, "Yaya, kai ne."

Rakiya ta ce, "Da ban gano shi ba, me za ku kiwata?"

Ilu ya ce, "Yaya Rakiya, abin da kika gano sau biyu yana mutuwa a hannuna. Ni idona na bayar."

Barau ya ninke takardar ya tashi. Tun ranar ba su sake sa hannu a kwano ɗaya ba, ko da Salla.

To, jama'a, mai ganewa, mai kiwo, da mai haƙurin asara: sunan wa za a rubuta?