Injin da Ke Juyawa da Baya

Akwai wani mutum manomi da yake da lambun lemu a bayan gari. Itace arba'in ne, shi da mahaifinsa suka dasa su a shekarar da tsohon ya rasu, don haka ba abin da yake ji da shi kamar su. A tsakiyar lambun akwai rijiyar burtsatse, a can ƙarƙashinta kuma injin ban ruwa mai aiki da wayoyin lantarki uku.

Ana nan, da bazara ta kama, sai gara ta cinye katakon da akwatin wutar yake jikinsa. Mutumin ya kwance wayoyin, ya kafa sabon katako, ya mayar da su da kansa. Yana da 'yar mita ta awon wuta wadda yake alfahari da ita fiye da kima. Ya auna waya ta fari, ya ga ƙarfinta cif. Ya auna ta biyu da ta uku, haka. Ya kunna injin, ya dafa bututu, ya ji yana kaɗawa kamar kullum. Amma ruwan da ya fito siriri ne kamar zare.

Matarsa ta ce, "Maigida, tun ranar da ka taɓa wayoyin nan ruwan ya ja baya. Ka kira mai gyara mana."

Ya ce, "Na auna, kowace lafiyarta lau. Rijiyar ce ta janye."

Mutum ne mai ƙwazo, wannan kam ba a raba shi da shi, sai dai kunnensa ne ba ya shan magana. Ya bar injin yana aiki tun safe har la'asar, yana bin itatuwa da bokiti. Ruwan bai isa ba. Ganye ya fara nannaɗewa, 'ya'yan fari da suka fito suka riƙa zubewa ƙasa. Sai ya tsaya a tsakiyar lambun, zuciyarsa tana ƙuna, ya zaɓi ashirin da zai shayar, ya bar ashirin ga rana. Bayan mako biyu ya sake zaɓe, ya bar goma. Kowace safiya kuma sai ya ɗauko mitarsa ya auna, ita kuwa ta ce masa kome daidai.

Da mako na bakwai ya zo, matar ta tafi da kanta ta kira wani tsoho mai gyaran wuta. Tsohon ya dubi ruwan, ya dubi akwatin, ya kashe wuta, ya musanya wayoyi biyu. Da ya kunna, sai ruwa ya yi tsartuwa da ƙarfi, ya cika kwalbati, ya malala cikin lambun.

Mutumin ya ce, "Baba, ai na auna su!"

Tsohon ya ce, "Ɗana, ka auna ƙarfinsu, ba ka auna jerinsu ba. Wayoyin nan ba tare suke bugawa ba, wata na bin wata ne, kamar mata uku suna lugude a turmi ɗaya. Ka mai da ta baya gaba, shi ya sa injin yake ta juyawa da baya a can ƙasa inda ido ba ya gani. Ruwa yana nan cike tun farko."

Mutumin ya tsaya yana kallon ruwa yana kewaya gindin busassun itatuwa. Ya kama reshen wanda mahaifinsa ya fara dasawa, reshen ya karye a hannunsa. A cikin arba'in, huɗu ne suka sake toho.

Ma'anar wannan misali ita ce, wayoyin nan uku su ne addu'a, da jin Maganar Allah, da aiki. Da yawa a cikinmu muna da dukansu uku, kuma in aka auna kowanne shi kaɗai ba za a same mu da laifi ba. Muna zuwa sujada, muna durƙusawa, ba ma zaman banza. Amma mun juya jerin. Mukan aikata abin da ranmu yake so tukuna, sa'an nan mu nemi ayar da za ta goyi bayanmu, daga ƙarshe mu roƙi Ubangiji ya sa albarka. Muna ta motsi, muna ta gumi, gidajenmu kuwa suna bushewa, sai mu ce Allah ne ya janye alherinsa.

Itatuwan su ne waɗanda aka ba mu amanarsu, 'ya'yanmu da matanmu da mazanmu. Abin da ya fi ba ni tsoro, 'yan'uwa, shi ne gyaran bai ɗauki minti biyar ba, kuma tun ranar farko aka faɗa wa mutumin a cikin gidansa. Wanda aka faɗa wa tasa gaskiyar yau, kada ya jira mako na bakwai.