Zanen Aro da Tabon Manja

Akwai wata mace a wani gari, mai sana'ar daddawa, wadda duk kasuwa an san ba a kayar da ita a ciniki. In ta tsaya a kan magana, ko rana za ta faɗi a kanta ba ta sassautawa. Ba ta roƙo, ba ta kai kukanta gidan kowa. Gida ɗaya ne kawai take shiga da sunkuyar da kai, gidan Gwaggonta, wadda ta goya ta tun uwarta ta rasu ta bar ta da nono a baki. Kullum in ta taso daga kasuwa can take yada zango, su ci tuwo a ƙwarya ɗaya, su yi hira har tuwon ya kwanta.

Ana nan, sai 'yar wannan mace ta yi haihuwar fari. Matar ta buɗe adakarta, ba ta ga zanen fita kunya ba. Ba ta ce wa kowa komai ba, amma Gwaggo ta gane. Ta ɗauko wani farin zane saƙar hannu, wanda ita da kanta ta kaɗa zarensa tun idonta na da ƙarfi, ta ce, "Ungo, ki ɗaura ranar suna. Kakar jariri ba ta fita da tsumma."

Ranar suna ta ɗaura zanen, kowa ya gan ta sai ya sake kallo. Can sai ta leƙa madafa, ta ga mata suna haɗa miya. Ta ce, "Haka ake zuba manja a garinku? Ku ba ni nan."

Suka ce, "Inna, ki bari mana, kina cikin kwalliya."

Ta ce, "Ni za ku koya wa miya?"

Ta karɓe kwalbar. Kwalba kuwa da santsi, ta suɓuce mata, manja ya kwarara daga gwiwa har idon sawu. Ta yi maza ta ja mayafi ta rufe, ta zauna a lungu har taro ya watse.

Da ta koma gida ta sa sabulun salo, tabo bai fita ba. Ta matsa lemon tsami, ta jiƙa da kanwa, ta dirza a kan dutse har hannunta ya yi kanta. Maimakon ya fita, sai ya bazu. Ja ya koma ruwan ɗorawa, ya ci rabin zanen, zare ma ya fara saki. Sai ta naɗe shi, ta cusa a ƙarƙashin gado, ta ce a ranta, "Bari in fitar da tabon tukuna, sa'an nan in je wurin Gwaggo da fuskata."

Daga ranar ta daina bin ƙofar gidan Gwaggo. In ta taso kasuwa sai ta zaga ta bayan gari. Tana cin tuwonta ita kaɗai, ba ya mata daɗi. Gwaggo ta aiko maƙwabciya, matar ta ce kanta ke ciwo. Gwaggo ta sake aikowa, matar ta ce tana da kalwa a wuta. Zane ɗaya yana neman raba ta da wadda ta goya ta.

Wata safiya tana tsakar gida, sai ta ji ƙarar sanda a zaure. Ga Gwaggo, tana dogarawa.

Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, mutuwa na yi ne ba a gaya mini ba?"

Ta ce, "Allah ya kiyaye, Gwaggo. Aiki ne ya yi mini yawa."

"Aiki. To, ɗauko mini zanen."

Matar ta fara kame-kame.

Gwaggo ta ce, "Ɗauko, na ce. Tun ranar suna na sani. Gari guda ya ga manja, ke kaɗai kike zaton asiri ne."

Ta shiga ta ɗauko, ta durƙusa, ta shimfiɗa shi a gabanta. Amma hali zanen dutse, sai ta hau ciniki. Ta ce, "Gwaggo, ki ɗauki akuyata a madadinsa. Ciki gare ta."

Gwaggo ta ce, "Albarka."

"In haɗa miki da kajin duka."

"Albarka."

"To, in yi miki surfe da ɗiban ruwa har kaka ta yi."

Gwaggo ta buga sandarta a ƙasa, ta ce, "Albarka! Ke, kin ɗauka kasuwa na zo? Akuyarki ta iya kaɗi ne? Idon da ya kaɗa zaren nan ya tafi, ba abin da kike da shi da zai maido shi. Na yafe miki. Tun ranar na yafe, ke ce ba ki zo kin karɓa ba. In yi asarar zane, in kuma yi asarar 'ya?"

Maganar nan ta fi mari shigarta, gama tun da take ba ta taɓa karɓar abin da ba ta biya ba. Ta buɗe baki ta ƙara wani tayin, ta rasa abin tayawa. Sai hawaye. Ta ce, "Gwaggo, ni na ɓata shi. An hana ni, na ƙi ji. Ba ni da abin biya."

Gwaggo ta ce, "Yauwa, yanzu kika yi magana. Tashi, ɗauki zanen, mu je karofi." Gama ɗan Gwaggo marini ne, yana da ramin rini a bakin gari.

Matar ta ce, "Yanzu, da rana? Mutane su gani?"

"Su gani mana. Sun ga ɓacinsa, sai su ga gyaransa."

Haka ta ratsa gari da zanen a hannu, tabon a fili. Da marinin ya warware shi, ya yi dariya ya ce, "Yaya, dambe kika yi da manjan nan? Ai ya kayar da ke." Sa'an nan ya ce, "Mai ba ya shan baban rini. Sai na fitar da shi tukuna."

Ya ɗora ruwan toka ya yi zafi, ya sa zanen, ya tsoma hannuwansa ciki yana murzawa. Tana kallo fatar hannunsa tana tashi, bai cire ba, har man ya taso a kan ruwa, ya zubar da shi a kwata. Sa'an nan ya kai zanen bakin ramin rini, ya nutsar da shi duka, ko gefensa ba a gani. Da ya ɗago shi, sai ga shi kore shar.

Matar ta ce, "Wayyo, ka ƙarasa shi! Ya zama gansakuka!"

Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri ya sha iska."

A gaban idonta koren ya rine, ya koma shuɗi mai duhu. Da ya bushe aka kai shi mabuga, ya fito yana ƙyalli. Ta ɗaga shi a rana, ta juya gaba ta juya baya, kamar yadda take duba kayan da za ta taya. Ta nemi gurbin tabon ta rasa. Sai ta ninke shi ta miƙa wa Gwaggo.

Gwaggo ta ce, "Wanda na ba ki aro ya ƙare a ramin can. Wannan sabo ne, naki ne kuma. Ɗaura mu tafi, yunwa nake ji."

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Zanen shi ne ranmu. Ba namu ba ne, Allah ne ya ba mu. Manjan shi ne zunubi, yawanci kuwa girman kai ne ke miƙo mana kwalbar. Dirzawar da matar ta yi, ita ce ƙoƙarinmu na wanke kanmu da kanmu, tabo kuwa sai ƙara faɗi yake yi. Kamar Gwaggo, Allah bai zauna jira ba, shi ya tako har tsakar gidanmu. Marinin shi ne Ɗansa, Yesu Almasihu. Shi ya sha zafin a kan gicciye don zunubinmu ya fita.

Ku lura, an fitar da man kafin a kai zanen rami. Ruwan rafi ba ya cire zunubi, Yesu ne ke cirewa, ga wanda ya tuba ya ba da gaskiya. Baftisma ita ce shiga ramin a gaban jama'a. Ana nutsar da kai cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, tsohon mutum ya tafi kamar an binne shi, ka fito sabo, da launin gidan Ubangiji a jikinka. In kun ga sabon mai bi bai gama nuna ba, kada ku yi masa dariya. Ku bari ya sha iska.

Ni na san kasuwa. Ba abin da ba a tayawa a cikinta, amma gafarar Allah ba a taya ta. Kyauta ce, ko ka karɓa ko ka bari. Akwai waɗanda ke zaune a cikinmu, duk lokacin da fasto ya kira masu neman baftisma sai su ce, "Bari in gyara halina tukuna." Shekara nawa kana gyaran? Kawo shi yadda yake, da tabonsa, da rana tsaka. Mai shi ya riga ya sani.